Gyara Kayanka Bai Zama Sauke Mu Raba Ba: Shiru da Yanke Shawara a Bakin Gadon Maras Lafiya

Gabatarwa

A shekarar 1966 wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Charles Hofling, ya wallafa sakamakon wani gwaji da ya gudanar tare da abokan aikinsa. An sa wani mutum ya riƙa buga waya ga ma'aikatan jinya 22, kowace a sashenta, yana cewa shi likita ne, yana umurtar ta da ta bai wa wani maras lafiya miligiram 20 na wani magani kafin ya iso ya sa hannu. Babu wadda ta san likitan a cikinsu. Maganin ba ya cikin waɗanda asibitin ya amince da su, kuma a jikin kwalinsa an rubuta ƙarara cewa miligiram 10 ne iyakar abin da za a sha a yini. Ga shi kuma dokar asibitin ta hana karɓar irin wannan umurni ta waya. Duk da haka 21 daga cikin 22 ɗin suka auna maganin za su bayar, sai da wanda aka ajiye don sa ido ya dakatar da su. Da aka bayyana wa wasu ma'aikatan jinya da ɗalibai 33 irin wannan yanayi, aka tambaye su abin da za su yi, 31 suka ce sam ba za su ba da maganin ba.

A 1977 wasu manazarta biyu, Rank da Jacobson, suka maimaita gwajin da 'yan sauye-sauye. Sun yi amfani da maganin da ma'aikatan suka saba da shi, suka kuma bar musu damar tuntuɓar abokan aikinsu. A wannan karon 16 daga cikin 18 suka ƙi bin umurnin. Sana'ar ɗaya ce, ƙasar ma ɗaya ce. Abin da ya sauya shi ne yanayin da aka sa mutanen a ciki, musamman samun wanda za a juya a ce masa, "Kin ji abin da aka ce in yi?"

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, binciken da masana halayyar ɗan Adam a cikin jama'a suka shafe fiye da shekara 50 suna yi a kan aikin haɗin gwiwa a asibiti ya tattaru ne a kan batu guda: wa yake da izinin magana, da waɗanne kalmomi, kuma wa yake saurare. Wannan batu ne na harshe da al'ada. Saboda haka masana Hausa suna da ta cewa a cikinsa, kuma jinkirinsu wajen shiga fagen yana da tsada.

Abin da Gwaje-gwajen Farko Suka Nuna

Abu na farko da wannan fanni ya tabbatar shi ne ƙarfin rinjaye. A gwajin Solomon Asch na 1951, an zaunar da mutum cikin wasu da aka riga aka haɗa baki da su, aka nuna musu layuka a jikin kati, aka ce kowa ya faɗi wanda ya yi daidai da wani a tsawo. Amsar a fili take, amma 'yan haɗin bakin sai su ba da ta kuskure baki ɗaya. Kusan kashi ɗaya bisa uku na amsoshin waɗanda ake gwadawa sun bi na jama'a, kuma kusan uku bisa huɗu na mutanen sun bi aƙalla sau ɗaya. Sai dai akwai ɓangaren gwajin da ba a cika ambata ba, alhali shi ya fi amfani ga asibiti. Idan mutum ɗaya tak a cikin taron ya faɗi amsar gaskiya, bin rinjayen yakan faɗo ƙasa da kashi 10 cikin 100. Murya ɗaya ta isa ta kwance wa saura baki.

Abu na biyu shi ne sakin nauyi ga wani. Darley da Latané sun nuna a 1968 cewa idan mutum ya ji wani ya faɗi da farfaɗiya, kuma yana zaton shi kaɗai ya ji, kashi 85 cikin 100 sukan tashi neman taimako nan take. Idan yana zaton akwai wasu mutum huɗu da su ma suka ji, adadin yakan dawo kashi 31. Kowa yana jiran wani, wanin kuma yana jiran kowa.

Abu na uku ya fi waɗannan ɓoyuwa. A 1985 Garold Stasser da William Titus suka rarraba bayanai a tsakanin mutanen da za su yanke shawara tare, ta yadda wasu bayanan kowa ya sani, wasu kuma mutum ɗaya kaɗai ya riƙe. Amsar da ta dace ba ta fitowa sai an haɗa na ɗaiɗaikun. Abin da aka gani shi ne taron yakan ɓata lokacinsa yana nanata abin da kowa ya riga ya sani, na ɗaiɗaikun kuwa a tashi ba a taɓo su ba. James Larson da abokan aikinsa sun gwada wannan a 1996 da ayarin mutum uku-uku: likita mai neman ƙwarewa, sabon likita, da ɗalibin likitanci. Kowane ya kalli ɓangare daban na hoton bidiyon maras lafiya ɗaya, sannan suka zauna gano cutar. Nan ma bayanan tarayya ne suka mamaye tattaunawar. Hausawa sun ce shawara ɗaukar ɗaki, amma wannan bincike ya nuna ana iya taruwa a gindin jinka kowa ya kama gefe ɗaya.

Daga Ɗakin Gwaji Zuwa Ɗakin Tiyata

Masu sufurin jiragen sama ne suka fara ɗaukar waɗannan darussa da muhimmanci, bayan karon da jirage biyu suka yi a tsibirin Tenerif a 1977, inda mutum 583 suka halaka, da wasu haɗurra da suka biyo baya waɗanda a cikinsu na ƙasa ya hangi matsala bai faɗe ta da ƙarfin da za a ji ba. Daga nan aka shigar da horon magana da saurare cikin karatun matuƙa. Wani bincike da Sexton da Thomas da Helmreich suka wallafa a 2000 ya nuna ratar da ke tsakanin sana'o'in biyu a lokacin. Kashi 97 cikin 100 na matuƙan jirgi sun ƙi amincewa da tsarin da babba ba ya sauraron ƙarami, amma a cikin manyan likitocin tiyata kashi 55 ne kawai suka ƙi shi.

Wani al'amari da ya faru a Ingila a 2005 ya nuna yadda wannan rata take cin rai. An shigar da wata mata mai shekara 37 ɗakin tiyata don ƙaramin aiki a hanci. Bayan an sa ta barci sai aka kasa zura mata bututun numfashi. Manyan likitoci uku, kowannensu ƙwararre, suka duƙufa suna ta maimaita ƙoƙari iri ɗaya na kimanin minti 20, iskar jininta tana ta raguwa. Ma'aikatan jinya sun gane halin da ake ciki. Ɗaya ta kawo kayan huda maƙogwaro ta sanar cewa ga su nan, wata ta je ta tanadi gado a sashen kulawa ta musamman. Ba a bi ta kansu ba, su kuma ba su san yadda za su nanata ba. Matar ta rasu bayan kwana 13. Mijinta, wanda matuƙin jirgin sama ne, ya nemi a yi binciken da manufarsa koyo ce, daga baya ya kafa ƙungiyar wayar da kan ma'aikatan lafiya a kan irin wannan. Ilimin da zai iya ceton matar yana cikin ɗakin, kayan aikin ma suna ciki.

Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ita ta ba wannan matsala sunan da ya bi duniya. A binciken da ta wallafa a 1996 a kan sassan jinya takwas a asibitoci biyu, ta yi tsammanin sassan da suka fi kyakkyawan shugabanci za su fi ƙarancin kurakuran magani. Sai ta tarar su ne suka fi yawan kurakuran da aka rubuta. Da aka bi diddigi, sai ya bayyana cewa a can ne mutane ba sa tsoron faɗin kuskurensu, a sauran kuwa ana binne shi. Ta kira wannan yanayi da abin da za a iya fassarawa da amincin buɗe baki, wato yaƙinin da ma'aikaci yake da shi cewa tambaya ko gyara ko amsa kuskure ba za su jawo masa wulaƙanci ba. A 2001, ita da Bohmer da Pisano sun bi ayarin masu tiyatar zuciya 16 da ke koyon wata sabuwar dabara. Waɗanda suka fi saurin ƙwarewa su ne waɗanda babban likitansu ya faɗa musu da bakinsa cewa yana buƙatar idanunsu da bakunansu.

Akasin haka ma an auna shi. A 2015 Arieh Riskin da abokan aikinsa suka gwada ayari 24 na masu kula da jarirai a Isra'ila, ta amfani da mutum-mutumin bakwaini da aka tsara ya nuna alamun ciwon hanji mai tsanani. Rabin ayarin sun ji wani baƙon masani ya yi musu 'yar gajeriyar maganar raini a kan ingancin aikin likitancin ƙasarsu. Waɗannan sun fi saura kuskure wajen gano cutar da wajen aikin hannu, kuma sun rage musayar bayani da neman taimakon juna. Tsawar da babba yake yi a sashe, wadda ake ɗauka a matsayin horo, tana da kuɗin da maras lafiya ne yake biya.

Takarda da Abin da ke Bayan Takarda

Amsar da duniya ta fi sani ga wannan matsala ita ce takardar tantancewa. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin abubuwa 19 da za a tabbatar a ɗakin tiyata kafin a sa barci, kafin a yanka, da kafin a fitar da maras lafiya. An gwada ta a asibitoci takwas, ciki har da na Ifakara a Tanzaniya da na Delhi da Landan da Toronto. Sakamakon da aka wallafa a 2009 ya nuna mace-mace sun ragu daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin 100, matsalolin bayan tiyata kuma daga kashi 11 zuwa 7. Ƙasashe suka rungume ta. Amma da lardin Ontariyo na Kanada ya wajabta ta, binciken 2014 a kan asibitoci 101 bai ga wani sauyi na a zo a gani ba.

Irin wannan ya faru da shirin jihar Mishigan ta Amurka, wanda Peter Pronovost ya jagoranta. A sassan kulawa ta musamman 103, an rage cututtukan da ke shiga jini ta bututun da ake zurawa a babbar jijiya da kusan kashi biyu bisa uku, kamar yadda aka wallafa a 2006. Matakan biyar ne, kuma babu wanda likitoci ba su sani ba, tun daga wanke hannu. Sabon abin shi ne an ba ma'aikaciyar jinya ikon dakatar da likita idan ya tsallake mataki, shugabannin asibiti kuma suka tsaya mata. Da Ingila ta kwaikwayi shirin, nasarar ba ta wuce raguwar da dama ake samu ba. Mary Dixon-Woods da abokan aikinta, waɗanda suka nazarci shirye-shiryen biyu, sun nuna cewa sauyin dangantakar ma'aikata shi ne ƙashin bayan nasarar farko, takardar kuwa alama ce kawai.

Darasin a nan ya shafi kowace ƙasa da ke karɓar irin waɗannan takardu daga waje. Takarda tana tafiya a jaka. Izinin magana ba ya bin ta, sai an gina shi a wurin da aka sauke ta, da harshen mutanen wurin.

Shiru da Magana a Bakin Bahaushe

Kusan duk binciken da aka ambata an yi shi ne a Amurka da Turai. Henrich da Heine da Norenzayan sun yi nuni a 2010 cewa kashi 96 cikin 100 na mutanen da ake gwaji da su a manyan mujallun wannan fanni sun fito ne daga ƙasashen da ke da kashi 12 kacal na al'ummar duniya. Bond da Smith kuma, da suka tattara gwaje-gwaje 133 irin na Asch daga ƙasashe 17 a 1996, sun ga bin rinjaye ya fi ƙarfi a al'ummomin da suke fifita jama'a a kan ɗaiɗaiku. Wannan ya isa ya sa a tambayi yadda abin yake a asibitin da ake aiki da Hausa.

A nan akwai tarkon da ya kamata a kauce masa, wato saurin ɗora laifi a kan kunya da girmama na gaba. Ma'aikatan Hofling Amurkawa ne, na ɗakin tiyatar 2005 kuma a Ingila suke. Tun 1967 Leonard Stein ya bayyana abin da ya kira wasan likita da nas a asibitocin Amurka, inda nas take ba da shawara a kaikaice domin ta fito kamar daga bakin likita. Shirun na ƙasa a gaban na sama halin ɗan Adam ne. Abin da ya bambanta daga al'umma zuwa al'umma shi ne kayan da ake gina shirun da su, da ƙofofin da al'ada ta bari a buɗe don fita daga cikinsa.

Kayan ginin a Hausa sanannu ne ga duk mai nazarin harshen. Akwai wakilin suna na boye, wanda ke ba da umurni ba tare da nuna wanda aka umurta ba. "A kawo jini," "A kira likita," "A duba hawan jininta." Wannan siga ta ladabi ce, amma a ɗakin haihuwa mai mutum biyar ita ce ainihin yanayin da Darley da Latané suka auna. Haka "an ba ta" ba ta faɗin wanda ya bayar, ko yaushe, ko nawa. Akwai "to", wadda ke iya nufin na yarda, ko na ji, ko na ji amma ban gamsu ba, kuma karin sauti da tsawon wasali ne kaɗai ke rarrabewa. Akwai sassauta magana da "ko za a ɗan sake dubawa", wadda mai faɗa yake nufin gargaɗi da ita, mai saurare kuma yake jin ta a matsayin shawarar da za a iya jinkirtawa. Hannunka mai sanda yana aiki ne idan wanda ake yi wa yana da natsuwar lura, likitan da hankalinsa ya tattara a kan jini mai zuba kuwa ba shi da ita. Sannan ga nauyin ambaton sunan babba, alhali takardar Hukumar Lafiya ta Duniya ta buƙaci kowa a ɗakin tiyata ya faɗi sunansa da aikinsa kafin a fara, domin wanda ya riga ya yi magana sau ɗaya ya fi samun sauƙin yin ta biyu.

Maras lafiya da danginsa ma suna cikin wannan lissafi. Amsar "Yaya jiki?" ita ce "Da sauƙi", ko da mai amsawar yana gargara, domin gaisuwa ce aka yi masa. Lewis Wall, wanda ya yi bincike a yankin Malumfashi, ya nuna a rubutunsa na 1998 yadda kunyar haihuwar fari take sa mace ta danne naƙuda har lokaci ya ƙure. Mai jinya kuwa, wadda ta kwana a gindin gado ta ga lokacin da numfashi ya sauya, ita ce mai riƙe da irin bayanin da Stasser da Titus suka nuna ana tashi ba a ji ba. Sau da yawa ita ake fara cewa ta fita idan likitoci sun shigo zagaye. Ingila ta fara aiwatar da tsari a 2024 da ya ba dangi damar kiran wani ayarin likitoci daban idan suka ga jikin nasu yana rikicewa ba a saurare su ba.

Ƙofofin fita su ma suna nan. A cikin siffofi goma na mutumin kirki da Kirk-Greene ya tattara a 1974, kunya da ladabi suna zaune ne tare da gaskiya da amana, kuma ran maras lafiya amana ce a hannun duk wanda ke sashen. Karin maganar da ke kan wannan maƙala ta raba gyara da neman kujerar wanda ake gyara wa. Misali mafi bayyana shi ne na sahun salla. Idan liman ya yi rafkanuwa, mamu yana da lafazi guda sananne da zai ankarar da shi, kuma ko yaro ne ya faɗa ba a kiran sa maras kunya, liman ma ba ya jin an ci masa fuska. Sirrin shi ne lafazin ƙayyadadde ne, an yarda da shi tun kafin buƙatarsa ta taso, kuma kowa ya san don aikin ake faɗin sa. Wannan shi ne abin da shirye-shiryen horo na Amurka suke ƙoƙarin ƙirƙira da kalmomin ankararwa masu hawa uku, daga nuna damuwa, zuwa rashin kwanciyar hankali, zuwa cewa a dakata. Al'ummar da ta riga ta san wannan tsari a masallaci ba ta buƙatar a koya mata tushensa. Abin da ya rage shi ne a samar mata da lafazin asibiti.

Hujjojin Masu Ja

Za a ce asibitin da ba shi da jini a ajiye, ko wutar lantarki, ko isassun ungozomomi, ba magana ce ta dame shi ba. Akwai gaskiya a nan. Gwajin da aka yi a jihar Uttar Pradesh ta Indiya, wanda aka wallafa a 2017, ya horar da ma'aikatan cibiyoyin haihuwa 60 a kan takardar tantancewa, aka kwatanta su da wasu 60. Bin ƙa'idoji ya ƙaru, amma mace-macen iyaye da jarirai bai ragu ba. Magana ba ta maye gurbin kayan aiki. Sai dai inda likita ɗaya yake duba sassa uku, ido da bakin ungozoma da malamin asibiti su ne na'urar sa ido da ta rage. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna Nijeriya ce ke da fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na matan da suka mutu wajen haihuwa a duniya a 2020, kimanin 82,000. Thaddeus da Maine sun kasa jinkirin da ke kashe irin waɗannan mata gida uku a 1994, na ukun kuwa shi ne wanda ke faruwa bayan an iso asibiti. Wani ɓangare na wannan jinkiri na ukun mintunan da ke tsakanin gani da faɗa ne.

Za a kuma ce jirgi ɗaya ba ya da matuƙa biyu, kuma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Binciken bai nemi a rushe shugabanci ba. A lokacin gaggawa dole mutum ɗaya ya yanke hukunci. Abin da ya nuna shi ne hukuncin yana inganta gwargwadon bayanin da ya isa kunnen mai yankewa, kuma akwai abin da yaron da ke tsugune a gindin rimin yake gani wanda babba bai duba ba.

Hujja ta uku ta fi nauyi. Da yawa daga cikin waɗannan nazarce-nazarce kwatancen kafin da bayan ne, wasu kuma a kan mutum-mutumi aka yi su, kuma fannin kansa ya sha suka a kan gwaje-gwajen da aka kasa maimaitawa. Wannan dalili ne na yin taka-tsantsan da alƙaluma, kuma dalili ne na yin binciken gida maimakon dogaro da na aro.

Akwai kuma abin da lafazi kaɗai ba zai warware ba. Henri Tajfel ya nuna a farkon shekarun 1970 cewa raba mutane rukuni biyu, ko da a kan abin da bai taka kara ya karya ba, ya isa ya sa kowa ya fifita nasa. Takun saƙar da ke tsakanin ƙungiyar likitoci ta NMA da haɗakar sauran ma'aikatan lafiya ta JOHESU, wanda ya sa gwamnatin Goodluck Jonathan ta kafa kwamitin Yayale Ahmed, wanda kuma ya fito fili a yajin aikin makonni shida na 2018, ba ya tsayawa a teburin sulhu. Yana bin mutane har bakin gado, inda gyaran da mai haɗa magunguna ya yi wa likita zai iya zama tamkar ci gaban rigimar albashi.

Kammalawa

Nazarin Hausa ya yi hidima mai yawa ga fannin lafiya ta fuskar magungunan gargajiya, kamar yadda ayyukan Aliyu Muhammad Bunza suka shaida, da ta fuskar fassarar sunayen cututtuka da saƙonnin wayar da kai. Fagen da ke jira shi ne maganar ma'aikata a tsakaninsu. Ana koyar da likitanci da jinya da Ingilishi a Nijeriya, da Faransanci a Nijar, amma miƙa aiki da tsakar dare, da kiran gaggawa, da raɗar da ungozoma take yi wa 'yar'uwarta, da Hausa ko gaurayenta ake yin yawancinsu a asibitocin ƙasar Hausa. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo kowace tana da sashen nazarin Hausa da asibitin koyarwa a ƙarƙashin inuwa ɗaya.

Aikin da ake buƙata ya fara da saurare: a naɗi maganganun zagaye da na miƙa aiki bisa izini da kiyaye sirri, a ga inda ake sauya harshe, da sigar da ƙarami yake zaɓa idan zai yi gyara, da yadda babba yake fassara ta. Daga nan sai a gwada lafuzza. Wace jimla ce ɗaliba za ta iya faɗa wa farfesa ba tare da muryarta ta rawa ba, shi kuma ya ji ta a matsayin ƙararrawa? "Ranka ya daɗe, a dakata, akwai gyara" na iya yin aiki a Kano ta kasa a Maraɗi, kuma gwaji ne kaɗai zai nuna. Haka nan akwai buƙatar nazarin kalmomin da ake amfani da su a zaman bitar mace-macen masu haihuwa, wanda ƙa'idarsa ita ce ba suna ba zargi, domin tazarar da ke tsakanin "kuskure" da "laifi" da "sakaci" da "ƙaddara" ita ke yanke ko za a koyi wani abu a zaman ko za a tashi da addu'a kawai.

Nauyi mafi girma, kamar yadda binciken Edmondson ya nuna, yana kan babba. Horar da ƙarami ya yi magana a gaban shugaban da bai shirya ji ba tura shi ne cikin wuta. Babban likitan da zai ce wa ayarinsa kafin a fara aiki, "Duk wanda ya ga abin da ban gani ba ya faɗa mini, ko wane ne shi," sannan ya yi godiya a ranar da aka faɗa ɗin ko da mai faɗar ne ya yi kuskure, ya yi abin da takarda ba za ta yi ba. Yadda za a faɗi wannan da Hausar da za a gaskata, da yadda za a amsa shi, tambayoyi ne da amsarsu take hannun masana harshen da al'adar.